An Ce Mana Wata Shida

Kunnena na hagu ba ya ji. Duk wanda ya san ni a unguwarmu ya san in zai yi mini magana sai ya zagayo ta dama. Yara ma sun gane, wani lokaci sukan tsaya ta hagu su kira ni da sunan tsokana don su gwada. 'Yata ta fari ce take rubuta wannan a wayarta ina faɗa mata, na kuma ce kada ta gyara komai sai inda harshena ya karkace. An haife ni a 1967 a gindin Dala. Na yi aikin soja shekara 15, uku da rabi daga ciki a ƙasashen waje.

Kakana na wajen uba ya je yaƙin Bama, cikin sojojin Afirka ta Yamma da Turawan Ingila suka kwasa suka kai su yaƙi Japanawa. Na tashi na same shi tsoho, yana da lambar girma guda ɗaya a cikin wani gwangwani, ba ya fito da ita. A zaure yake kwana, a zaune, bayansa jingine da bango yana fuskantar ƙofa. Ranar hawan Sallah, in 'yan bindigar Sarki suka fara harbi, kowa yana rububin fita kallo, shi kuwa sai ya shige ɗaki ya tura ƙyaure. Mutanen gida suna cewa taɓin Bama ne. Mu yara mukan laɓe mu buga murfin langa a bayansa don mu ga ya zabura, mu kwashe da dariya. Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ban gane abin da muke yi masa ba.

Mahaifina a wata masaƙa yake aiki a Bompai. Bayan gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, kaya suka yi tsada, masana'antu suka fara rage ma'aikata, shi ma aka sallame shi. Mu tara ne a gidan, ni ne babba a maza, na gama sakandare ba abin yi. In na bi ta gaban barikin Bukavu na ga sojoji cikin kaki a goge, sai in ji ina ma ni ne. Ban ma san Bukavu sunan wani gari ne a Kwango inda sojojinmu suka yi aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon shekarun 1960 ba, sai daga baya. Da na faɗa wa Inna zan shiga soja, ta ajiye muciyar da ke hannunta ta ce, "Soja marmari ne daga nesa. Kai ba ka ga kakanka ba?" Na ce ai yanzu ba a yaƙi. A 1988 na tafi Zariya aka ba mu horon kurata, aka aske mu, aka gasa mu a rana, na fito farabiti.

Na yi aure a 1991. A tsakiyar 1992, matata tana da ciki wata uku, aka tara mu a filin fareti aka ce bataliyarmu za ta tafi Laberiya cikin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Wani hafsa ya ce wata shida ne, wasu za su zo su canje mu, kuma alawus ɗinmu da dala za a biya. Wallahi murna muka yi. Na lissafa na ga zan dawo kafin suna ko bayansa da kaɗan, da kuɗin rago da na fili. Na kai ta wajen Inna a cikin gari, na ce mata, "Kafin ki yi arba'in na dawo."

Daga Apapa jirgin ruwa ya ɗauke mu. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba, kwana na yi ina amai. A hanya aka yi mana bayani a gurguje: Charles Taylor ya shigo da yaƙi daga Kodebuwa a Disambar 1989, ƙungiyar ECOWAS ta aika sojoji a Agustan 1990, an kama Shugaba Samuel Doe a Satumbar wannan shekarar an kashe shi, yanzu kuwa an tsagaita wuta, aikinmu tsare Monrobiya ne kawai. Sintiri da shingen bincike, shi ke nan.

Abin da ya fara cin mu ruwan sama ne. Ruwan Kano yakan zo ya wuce, na Monrobiya sai ya kwana uku yana zuba. Takalmanmu suka ruɓe a ƙafafunmu, tsakanin yatsu ya tsage yana wari, zazzaɓin sauro ya riƙa kwantar da mu ɗaya bayan ɗaya. An horar da mu a busasshiyar ƙasa inda kana hango mutum daga nesa, sai ga mu a fadama da kurmi inda taku goma ba ka ganin gabanka. Rediyon sadarwarmu in ya ga dama ya yi, in batir ya mutu sai a aiki mutum da ƙafa. Ba mu jin Turancinsu, ba su jin namu. Wurin da kawai nake jin kamar ina gida shi ne masallacin 'yan ƙabilar Mandingo, in an samu damar zuwa Juma'a.

Ranar 15 ga Oktoba 1992, tun kafin asuba, mutanen Taylor suka afka wa birnin ta ko'ina. Sun sa wa farmakin suna Octopus, wata halittar teku ce mai hannuwa takwas, kuma haka abin ya zo mana, ta gaba, ta baya, ta cikin fadamar da muka ɗauka mutum ba zai iya ratsawa ba. In ka ji ana ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Na ga samanja mai gashin baki yana kiran uwarsa. Abin da ba a shirya mu a kansa ba a Zariya shi ne waɗanda za su zo kashe mu. Yara ne da yawansu. Wani ya sa gashin mata a kai, wani rigar amarya, an ɗirka musu ƙwaya, bindigar ta kusa kai tsawonsu. An koya mini harbin abokin gaba, ba wanda ya ce mini zai zo da fuskar ƙanena.

Akwai wani abokina ɗan Kurna, tare muka yi kurtu, tare muke rami ɗaya. Mutum ne mai barkwanci, ko ana ruwan wuta sai ya ce shi dai a kai shi Kano ya ci gurasa da ƙuli sannan ya mutu. A sati na biyu na farmakin, da hantsi, wani yaro ya fito daga cikin ciyawa kamar taku ashirin daga inda muke. Bai wuce shekara 12 ba. Ni na fara ganinsa. Na ɗora yatsa a kunama, na tsaya. Daƙiƙa biyu ko uku ne. A cikinsu ya buɗe wuta, ya sami abokina a wuya. Sannan na harba, ban kuma kuskure ba.

Na shekara 20 ban faɗa wa kowa wannan ba. Da na yi saurin harbi, da abokina yana raye. Da na ƙi harbi gaba ɗaya, da yaron yana raye. Na tsaya a tsakiya na rasa duka biyun, na kuma kwashi nauyin duka biyun.

Wata shida ta cika ana tsakiyar yaƙi, ba wanda ya tayar da maganar canji, mu ma muka ga ba lokacinsa ba ne. Ina da ɗan littafi a aljihu da nake jan layi ɗaya kowace safiya. Wasiƙar haihuwar 'yata ta iso ni bayan wata biyu da suna, ƙanena ya rubuta, a jiƙe, rabin tawadar ya zube. Aka shiga 1993. Aka ce bayan Sallah. Aka ce bayan zaɓe. Aka soke zaɓen 12 ga Yuni, Babangida ya sauka a Agusta, Shonekan ya hau, a Nuwamba Abacha ya karɓa. Sau biyu aka canja shugaban ƙasa, ni ba a canje ni daga bakin shinge ba. Muna jin komai a sashen Hausa na BBC, mu taru mu bakwai a kan rediyo ɗaya, ana ta labarin Legas da Abuja. Wata safiya na buɗe littafin nan zan ja layi, na dube shi, na jefa shi cikin wutar da muke dafa shayi.

Sojan da ya san ranar komawarsa gida yana kiyaye kansa, yana kiyaye sallarsa da bindigarsa, don yana da wanda zai koma ya kalla a ido. Wanda bai sani ba, a hankali sai ya fara zama ɗan wurin. Alawus yakan yi wata uku bai zo ba, in ya zo a gutsure, ba ka da bakin tambayar inda sauran ya maƙale. Sai wasu suka fara karɓar na goro a shinge. Wasu suka ajiye mata, suka haifi 'ya'yan da suka baro can. Wasu suka riƙa kwance kayan gidajen da masu su suka gudu. Mutanen Laberiya har suka mai da sunan rundunar abin zolaya, wai duk abin da yake motsi sai mun yi gaba da shi. Sojojinmu sun hana birnin nan faɗuwa da jininsu, dubban mutane sun rayu a bayan layinmu, wannan gaskiya ne. Wancan ma gaskiya ne, kuma ban tsira ba. Na ɗauki kan keken ɗinki a wani kangon gida, na naɗe a bargo, na ce tsarabar matata ce.

A farkon 1995 muka dawo. Wata 32. Aka ba mu hutun 'yan makonni, ba wanda ya zaunar da mu ya tambayi abin da muka gani, likita ya duba idonmu da harshenmu ya sa hannu. Na shiga gidanmu da la'asar, mata suna guɗa, Inna tana kuka. Aka turo mini yarinya 'yar shekara biyu da 'yan watanni aka ce, "Je ki ga Babanki." Ta dube ni, ta ƙwalla ƙara, ta ruga bayan ƙanena ta riƙe ƙafarsa. Shi take kira Baba. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi.

Kwana uku da dawowa na tafi Kurna da carbin abokina da agogonsa. Mahaifiyarsa ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, muka gaisa kamar ba komai. Sai can ta ce, "Ɗana, abu ɗaya zan tambaye ka. An yi masa sallah? An fuskantar da shi alƙibla?" Gaskiyar ita ce mota ce ta zo ta kwashe su da yamma, su da yawa, ban sake ganinsa ba. Na ce, "An yi, Inna. Ni na tsaya a sahun gaba." Ta ce alhamdulillahi, ta sa mini albarka. Matarsa tana ɗaki tana jin mu, ta riga ta baro bariki da yara biyu, haƙƙinsa bai fito ba. Har tsohuwar nan ta rasu duk Sallah ina kai mata ɗan abin da ya samu, kuma duk zuwa sai ta ƙara sa mini albarka a kan ƙaryar da na yi mata.

Da dare abin yake zuwa. In na rufe ido sai ciyawar nan ta motsa. Na daina kwana a gado, na koma zama a bakin ƙofa. In matata ta hau keken ɗinkin nan, ƙararsa sai ta zame mini ta bindiga mai sarrafa kanta, in daka mata tsawa, ta rasa laifin da ta yi. A bariki ba a maganar irin wannan. Ka ce ba ka barci, a ce ka zama mace. Kowa da maganinsa: wasu kasuwar mami da kwalba, wasu hayaƙi, ni kuwa ƙwayar barci daga kemis, ɗaya, biyu, har na kai huɗu. Inna ta ce iska ce na kwaso a kurmi, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙin habbatus-sauda. Ayoyin suna kwantar mini da zuciya in ana karantawa, amma ƙarfe biyun dare yana nan yana jirana. A 1996 aka haifa mini ɗa namiji.

A 1998 aka sake kiran sunana, wannan karon Saliyo. Sojoji ƙarƙashin Johnny Paul Koroma sun kifar da Shugaba Ahmad Tejan Kabbah a Mayun 1997, ECOMOG ta kore su daga Firitawun ta mayar da shi a Maris 1998, ana buƙatar ƙarin mutane. Mu ɗin dai da muka dawo a gajiye, mu aka sake ɗiba, don an ce mun san kurmi. Wannan karon da hafsa ya ce wata shida, ba wanda ya yi murmushi. Ba zan yi dogon bayanin Saliyo ba. Na ga mata da jarirai da 'yan tawayen RUF suka datse wa hannuwa, ya isa. Ranar 6 ga Janairu 1999, cikin azumi, suka kutsa Firitawun, sun saje da jama'ar da ke gudun hijira. Kwana huɗu da fara wannan, wani abu ya fashe a gefena na hagu. Na farka a Lungi, inda filin jirgin saman Firitawun yake, ƙarfe a cinyata, kunne yana zubar da jini. A jirgin da ya kwaso mu gida akwai waɗanda aka jera a baya a lulluɓe. Da dare muka sauka.

Daga baya Shugaba Obasanjo ya ce Najeriya ta kashe kimanin dala biliyan 8 a Laberiya da Saliyo. Ina gadon asibiti ina sayen bandeji da kuɗina lokacin da ake ta wannan lissafi.

A 2001 na rasa aurena. Wata rana da dare matata ta zo ta lulluɓa mini bargo a inda nake zaune. Ban farka ba sai da na ji ihun yara, na ga hannuwana biyu a wuyanta. Washegari ta tafi gidansu. Na yi biko sau biyu. A na biyu mahaifinta ya zaunar da ni a soro ya ce, "Ban ce kai mugu ba ne. Amma 'yata guda ɗaya ce, ba zan jira a kawo mini gawarta ba." Ban iya ce masa komai ba don gaskiya ya faɗa. Na rubuta takarda. Ta tafi da yaran, ta bar keken ɗinkin. Na tambayi wani malami yadda zan yi da shi, ya ce tunda ba hanyar samun mai shi, in sayar in yi sadaka da niyyar ladan ya je masa. Na yi hakan a ranar.

A 2003 aka sallame ni saboda rashin lafiya, ina kofur. Na ɗauka wata biyu ko uku garatuti da fansho za su fito. Shekara uku suka yi. In na tara kuɗin mota sai in hau a Unguwa Uku in tafi Abuja, wani ofishi da ba zan kira sunansa ba. Yau a ce fayil ɗina bai iso ba, gobe a ce ya iso amma lambata ta sha bamban da ta wata takarda, jibi a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Wani ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce in na ba shi wani abu fayil zai yi ƙafa. Na ba shi kuɗin komawata, ban ƙara ganinsa ba. A wajen ginin nan na tarar da tsofaffi, wasunsu tun yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sun shimfiɗa kwali a gindin katanga, wani ya yi watanni a wurin don ba shi da kuɗin zuwa da dawowa. Bayarabe, Tibi, Ibo, Bahaushe, garin kwaki ɗaya muke jiƙawa. Wani dattijo daga Filato da muke raba kwali da shi ya ce mini, "Kofur, a daji na san wanda yake harbina. Nan ban san shi ba." Da na koma bayan wata biyu aka ce ya rasu a wurin, takardunsa a ƙarƙashin kansa cikin leda.

Shi ya sa a 2008, da na ji sojojin da suka dawo daga aikin Majalisar Ɗinkin Duniya a Laberiya sun tare hanya a Akure saboda alawus ɗinsu, aka kuma yanke wa 27 ɗaurin rai da rai a 2009 kafin a sassauta, sai na rasa ɓangaren da zan tsaya. Na san doka, soja ba ya zanga-zanga, in aka bar wannan ƙofa a buɗe ba sauran runduna. Na kuma san abin da ke cikin cikinsu.

Da kuɗin suka fito na sayi babur na fara acaɓa, ƙafa ta hana, na koma gadi a wani layi a Kantin Kwari. Gadi ya dace da ni tunda dama ba na barci. Na sake aure, Allah Ya haɗa ni da mace mai haƙuri, na kuma gaya mata tun farko kada ta taɓa ni in ina barci, ta kira sunana daga nesa.

Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, bayan la'asar, bama-bamai suka fara tashi a Kano. Kowa a garin nan ya san inda yake a wannan rana. Ni ina Kwari. An ce mini, don ni ban tuna ba, na kwanta rub da ciki a bayan dilolin atamfa ina ba mutane oda da Turancin soja, ina kiran sunan abokina ɗan Kurna ya sunkuyar da kai. Kwana biyu ban san inda nake ba. Aka kai ni gida aka ɗaure ƙofa, aka ce a nemo mai ruƙiyya. 'Yata, wadda ta guje ni tana shekara biyu, lokacin tana karatun aikin jinya, ita ta zo daga gidan mahaifiyarta ta tsaya a kaina ta ce, "Baba, za a yi addu'a, amma asibiti za mu." Na ce ni ba mahaukaci ba ne. Ta ce, "Na sani. Tashi mu tafi."

Likitan ƙwaƙwalwar da muka gani yaro ne, bai fi sa'an ƙanena na ƙarshe ba. Ya zagayo ta damana ba tare da an gaya masa ba, ya ce, "Baba, me kake gani da dare?" Tunda na dawo daga Laberiya ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Na buɗe baki zan ce ba komai, sai maganar yaron nan ta fito, a gaban 'yata. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da Inna ta rasu. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce ciwo ne sananne, yana kama wanda ya ga tashin hankalin da ya fi ƙarfin zuciya, jiki ya dawo gida amma ƙwaƙwalwa ta ci gaba da gadi. Ya ce sojojin ƙasashe da yawa suna fama da shi, yana da magani, yana kuma buƙatar a riƙa zama ana magana. A cikin A Daidaita Sahu muna komawa ban ce uffan ba, kakana nake gani a zaure da bayansa a bango, da mu da murfin langa.

Ban warke sarai ba, amma yanzu ina kwana a gado. Fansho yana shigowa ta banki, ya fi da sauƙi nesa ba kusa ba, ko da yake kafin tsakiyar wata ya ƙare, kuma a da in lokacin tantancewa ya zo sai ka je da ƙafarka ka nuna kana raye. Duk 15 ga Janairu ana bikin tunawa da mazan jiya, manya su saƙala alama a ƙirji, a ajiye furanni, a saki tattabaru. Ba na raina wannan. Sai dai mu 'yan ƙalilan da muke haɗuwa a gindin wata bishiyar darbejiya kusa da Fagge duk ranar Lahadi, in mun zauna lissafin wanda ya kwanta da wanda ya rasa kuɗin magani muke yi, mu haɗa ɗari biyar-biyar.

A Agustan 2021 muna zaune a wurin muka ji Amurka ta kwashe sojojinta daga Afganistan bayan shekara 20. Wani saje a cikinmu ya ce su ai suna da ma'aikata guda ta tsofaffin sojoji da asibitocinta, amma duk da haka ana ta labarin nasu suna kashe kansu. Muka yi shiru. In mai wannan dukiya bai iya ɗinke mutanensa ba, ina ga wanda bai fara ƙirga nasa ba? A ganina, in gwamnati za ta aika mutum yaƙi, kafin ta yi lissafin harsashi da man jirgi, ta fara rubuta ranar da zai dawo, da wanda zai canje shi, da likitan da zai tarbe shi, da abin da matarsa za ta ci in bai dawo ba. In ta ga ba za ta iya ba, to ba ta shirya ba, ko tankokin yaƙi nawa ta jera a fareti. Ƙananan sojoji suna kallon yadda aka yi da mu, da shi suke auna iya inda za su tsaya in wuta ta buɗe.

Ɗana ya shiga soja a 2017. Ya zo ya durƙusa a gabana da takardar a hannu, ya gama difloma ya shekara biyu ba aiki. Na ji maganar Inna ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye. Na zaunar da shi daga sallar isha'i har aka yi kiran assalatu, na ba shi labarin duk abin da ke cikin wannan rubutu, har da wanda na ce 'yar'uwarsa ta cire. Da gari ya waye ya ce, "Baba, na ji. Ka sa mini albarka." Na sa masa.

Yana Borno yanzu. Shi ma an faɗa musu lokacin da za a canje su, lokacin ya wuce da daɗewa. Matarsa tana nan gidana da yaronsu, kullum da yamma nakan ɗauko hotonsa a waya in nuna wa yaron in ce ga Babanka, don kada a maimaita. In ya sami sabis yakan kira, yawanci can cikin dare. Ba na tambayarsa yaushe zai dawo. Nakan ce, "Kana barci?" In ya ce e da sauri, sai in ce to faɗa mini gaskiya. Wayar a gefen dama nake ajiye ta, a kan matashi, na ƙure mata ƙara.